Kwanon Inna

Har yau ɗin nan, idan azumi ya raba tsakiya na ji ƙamshin garin shinkafa ana soyawa a wani gida, sai hankalina ya bar birnin Kano ya koma ƙauyenmu, can a ƙasar Ɗambatta, in ga Inna a durƙushe gaban murhu tana juya tukunya da muciya. Mai karatu zai ce kwaɗayi ne ya taso wa dattijo. To, akwai kwaɗayin, ba zan musa ba. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani kwano ne, samira mai murfi, fara da zanen jan fure, bakinta ya ɓantare a wuri biyu. Cikin kayan jeren Inna ta zo gidanmu, kuma shekara biyar cur ina ɗaukar ta duk Sallah zuwa wani gida da aka hana mu shiga.

Wanda bai san yankinmu ba, bari in ɗan kwatanta masa. Idan ka bar Kano ka miƙi hanyar Ɗambatta, ko ta Bichi, ko ta Minjibir, ba za ka ga daji ba. Gona ce ke bin gona, gida na hango gida, iyakar kowa jerin gamba ne ko na lalle, a tsakiyar gonakin kuwa ga kuka, ga ɗorawa, ga gawo, ga tsamiya, kowace bishiya da mai ita. Ba a barin gona ta huta, domin babu inda za a koma. Taki ne ke riƙe da ƙasar, shi ya sa a zamanin yarintarmu da rani jakuna kan kai itace birni su dawo da shara da taki a mangala. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya daɗe yana nazarin yadda ɗimbin jama'a haka suke ci daga ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba. Mu da muka tashi a ciki mun san amsar, mun kuma san kuɗinta. Inda ƙasa ta yi kaɗan, taku ɗaya ma abin rigima ne.

Kakanmu ya rasu a 1985, mutane ba su gama farfaɗowa daga farin 1983 da 1984 ba. Da rasuwarsa gandu ya watse, aka zo da igiya aka auna, aka fitar wa kowa da rabonsa, maza da mata. Babana da wansa, wato Baffa, uba ɗaya suke, uwa kowa da tasa, kuma gonakinsu suka faɗo jikin juna. Sai ga wata tsohuwar tsamiya ta tsaya daidai kan iyaka. Baffa ya ce tun Kaka na da rai ya ba mahaifiyarsa ita. Baba ya ce gindinta a gefensa yake. Aka je gaban mai unguwa, aka wuce gaban dagaci, aka yanke cewa a riƙa raba 'ya'yanta biyu, kada kowa ya sare ko reshe. Hukunci ya yi daidai, amma kafin a kai gare shi an riga an yi gori, an taɓo iyaye mata, 'yan'ubancin da ya daɗe a kwance ya miƙe tsaye. Baffa ya ja dangar kara ya raba tsakar gida biyu, ya fasa sabuwar ƙofa ta gabas. Baba kuwa ya tara mu ya ce, "Duk wanda na gani a gidan can, sai na saɓa masa."

Abin da mazan ba su lissafa ba shi ne matansu. An san facaloli da kishi, amma Inna da matar Baffa, wadda muke kira Iya, ba haka suke ba. Iya ce ta tsaya kan wankan jegon Inna lokacin da aka haife ni, turmi ɗaya suke daka, tare suke lugude. Da aka ja danga sai ya zama suna jin taɓaryar juna ba sa ganin juna. Su matan aure ne a kulle, ba mai fita sai da izini, don haka duk abin da zai ƙetare daga wannan gida zuwa wancan sai dai a ƙafar yaro. Ni ne yaron, ina da shekara goma.

Azumin 1986 ya faɗo cikin watan Mayu, ana tsananin zafi, rumbu ya yi ƙasa, maza na sharar gona suna duban gabas. A ƙauye a lokacin ba kowane gida ake alkaki da nakiya da Sallah ba. Kayan gara ne, sai an yi biki ake ganin su. Abin da aka saba shi ne tuwo da miya, a zuba a akushi ko langa a kai wa maƙwabta. Inna ta bambanta ne domin ta tashi a hannun goggonta a cikin birni, kusa da Kasuwar Kurmi, inda mata suka gaji wannan sana'a tun zamanin da fataken Larabawa ke ƙetaro Sahara. Sunayen ma sun nuna asalin: alkama da alkaki da sukari duk kalmomin Larabci ne da suka zama namu, kuma har yau a Masar ana toya wani abu mai irin wannan suna idan ƙaramar Sallah ta zo. Inna ba ta san wannan tarihi ba, ita dai ta san hannunta.

Da kuɗinta take yi, ba ta taɓa tambayar Baba ko kwabo ba. Tana ƙuli-ƙuli, tana sayar da man gyaɗa, tana zubin adashi, kuma takan roƙi uwar adashi a ba ta kwasa a watan Sha'aban. Gyaɗar ma a lokacin ta yi tsada, domin tun bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 dalar gyaɗa ta zama labari a Kano. Ran Lahadi, ranar kasuwar Ɗambatta, sai ta ba wani maƙwabci sautu: shinkafar tuwo mudu biyu, alkama mudu biyu, sukari, citta, kanumfari, masoro, kimba, sai man shanu daga wurin Fulani.

Aikin dare ne, bayan an sauko daga asham, da fitilar ƙwai. Nakiya ake fara yi, domin ita ba ta gaggawar lalacewa. A wanke shinkafa a jiƙa, a tsane, a daka, a tankaɗe da rariya, sa'an nan a zuba garin a busasshiyar tukunya a yi ta juyawa a kan wuta kaɗan har ya daina tururi, ƙamshinsa ya sauya. Nan ne wahalar take. Idan aka yi garaje ya ƙone ya yi ɗaci, idan aka sauke da wuri kuma da sauran damshi, bayan mako biyu nakiya ta yi fumfuna. Daga nan a dafa sukari har ya yi kauri, a haɗa da garin da kayan ƙamshi a turmi, ana kirɓawa ana zuba man shanu, har ta haɗe ta yi sheƙi, a cura. Shi kuwa alkaki, ɓarza alkama ake yi ba niƙa ba, a murje ta da mai, a kwaɓa da ɗan nono a rufe ta kwana ta tashi. Da safe a sa ruwan kanwa ya kashe tsamin, a kirɓa har ta yi danƙo, a murza ta kamar igiya a naɗe, a soya a mai a hankali, a tsamo a jefa cikin ruwan sukari da aka dafa da tsamiya. Na taɓa tambayar Inna amfanin tsamiyar, ta ce ita ke hana sukari komawa ƙanƙara a jikin alkaki. Sai da na je sakandare malamin kimiyya ya gaya mana abin nan da dogon Turanci. Haka kuma sirrin daɗewarsu: an kore ruwa da wuta, ɗan abin da ya rage sukari ya riƙe shi, ga mai ya rufe. Babu firji a garinmu, amma nakiyar Inna takan yi wata shida a cikin kwalla ba ta canza ba.

Ranar jajibere, bayan Baba ya auna zakkar fidda kai ta gero an kai wa masu ita, Inna ta baje kwanuka a kan tabarma tana rabo. Na gidan liman, na ungozoma, na gidan iyayenta, na wata tsohuwa da ba ta da kowa, na uwar adashi. Sai ta jawo samirar nan ta shirya alkaki bakwai da curin nakiya uku, ta rufe, ta ɗaure da ƙyalle.

Da aka sauko daga Idi ta kira ni. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana. "Kai, zo ka kai wa Iya." Na ɗauka gabana na faɗuwa, ga Baba zaune a zaure.

"Wannan kuma na ina ne?"

Inna ta amsa daga bayan ƙofa, "Na maƙwabta ne, Malam."

"Waɗanne maƙwabtan?"

"Waɗanda suka fi kusa."

Baba ya yi karatu gwargwado, ya san abin da addini ya ce game da maƙwabcin da ƙofarsa ta fi kusa, balle ɗan'uwa. Ya yi shiru, ya ja tasbaharsa, can ya ce, "Ni dai ban aiki kowa ba."

Daga ƙofarmu zuwa sabuwar ƙofar Baffa bai fi taku sittin ba, amma ranar ji na yi kamar Daura za ni. Na tarar da shi a zaure kan buzu, da baƙi sun zo gaisuwar Sallah. Na durƙusa na ce, "Baffa, barka da Sallah." Ya dubi kwanon, ya gane shi sarai. "Me ke nan?" Na ce Inna ce ta ce a kawo wa Iya. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Koma da shi. Ka ce an gode, muna da namu."

Kunya ta rufe ni. Na kasa komawa gida da kwano a cike, in wuce ta gaban Baba ya ga an dawo da mu. Sai na zagaya bayan rumbuna, na yafuto abokaina biyu, muka zauna muka cinye tas, har muka lashe murfi. Na shiga gida ina goge baki na ce, "Sun ce an gode."

Inna ta buɗe kwanon, ta sa yatsa ta shafo gindinsa, ta duba. "Ina tukwicinka?" Na ce ba a ba ni ba. "Kwanon ma ba a wanke ba?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Iya ba za ta dawo mini da kwano da danƙon sukari ba, ba kuma za ta dawo da shi wayam ba, ko da ranar da yunwa ta kwana. Zauna ka gaya mini gaskiya." Na fashe da kuka na faɗi komai, ina jiran bulala. Ba ta taɓa ni ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Ita Iya ta gani?" Na ce a'a, a zaure aka tsayar da ni. Sai ta ce, "To, ai ba a mayar ba ke nan. Saƙo ne bai isa ba."

A ranar na koyi dokar kwano, wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba amma kowace mace a yankinmu ta san ta. Idan aka kawo miki abu, sai ki juye ki wanke kwanon. Ba ya komawa wayam: ko goro uku, ko ɗan daddawa, ko tafin gyaɗa, sai an sa wani abu. Idan babu abin sawa a ranar, a riƙe kwanon har a samu, ba laifi ba ne. Yaron da ya kawo kuma a ba shi tukwici, don Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Kwano ɗaya, tafiya biyu ke nan, wani lokaci uku, kuma kowace tafiya da gaisuwa a bakin yaro, da tambayar lafiyar wane da wance.

Inna ta ɓoye sauran curin nakiya a kwallarta, ta hana mu. Babbar Sallah ta zo cikin Agusta, damina ta zauna, gero ya rufe mutum. Nakiyar nan tana nan yadda take bayan wata biyu da kwana goma. Ta sake shirya samira, ta jira har maza suka taru wajen yanka, ta ce in bi ta gonar bayan gida, inda awaki suka huda danga. Na sunkuya na shiga. Iya na tsugune tana wanke kayan ciki. Da ta ga kwanon sai ta miƙe, ta goge hannu, ta karɓa, ta juya mini baya ta daɗe tana gyara ɗankwali. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni sule biyu, ta ce, "Ka ce ina gaishe ta. Ka ce yaya ƙafar tata?" Kwano ya kwana biyu a can. Ran na uku ƙanwata ta gan shi a bakin hudar danga, a wanke, a rufe. Da Inna ta buɗe sai ta yi dariya har da riƙe ciki. Curin tsamiya ne a ciki, daga rabon Baffa na bishiyar da ake rigima a kanta.

Shekarar da ta biyo baya ta zo da wuya. Tsarin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shi a 1986 ya karya darajar naira, sukari ya yi tsada. A farkon 1987 kuma aka hana shigo da alkama daga waje, fulawa ta yi wuya, masu gidajen biredi suka koma neman ta gida. An yi ta kiran manoma su shuka alkama a noman rani, a Kadawa da sauran wuraren da ke da madatsun ruwa irin Tomas da ke kusa da mu, amma kafin ta wadata mudunta ya fi ƙarfin talaka. Inna ta sayar da 'yar akuyarta. Nakiya ta yi ta da mazarƙwaila, ta fito ja maimakon fara. Ta rage rabon kowane gida, mai bakwai ya koma uku, mu 'yan gida kuwa ɓurɓushi muka samu da kankarar tukunya. Samira kaɗai ba a rage mata ko ɗaya ba. Na ji haushi ƙwarai, har na ce yaya za a hana mu a kai wa mutanen da suka kore ni. Inna ta ce, "Naku na ciki ne, gobe kun manta. Wannan na hanya ne."

Ruwan sukarin alkakin shekarar da tsamiyar Iya aka dafa shi. Haka abin ya zama al'ada: tsamiyar Baffa ta ƙetaro danga a cikin kwano, ta koma masa a jikin alkaki. Muka mayar da kai saƙon daren jajibere, lokacin da maza ke masallaci. Kada mai karatu ya ɗauka mazan ba su sani ba. Gidan da ake ƙirga ƙwan kaza, yaya za a yi kwano ya yi ta shige da fice shekara da shekaru maigida bai sani ba? Sun sani, kowa ya ga ya fi masa sauƙi ya yi kamar bai gani ba. Su ba su sauko daga fushinsu ba, ba su kuma hana ba.

Ranar ƙaramar Sallar 1990, cikin Afrilu, muna dawowa daga Idi. Ka san ba a komowa ta hanyar da aka tafi, hanyar dawowarmu kuwa ta ƙarƙashin tsamiyar nan ta bi. Baba na gaba, ina bayansa da buzu, sai na ji an ce, "Kai, zo nan." Baffa ne. Na je na rusuna. Ya ce, yadda kowa zai ji, "Ka gaya wa Innarka, alkakin bana tsami ya yi masa yawa." Jama'a suka yi tsit. Baba bai waiwayo ba, amma ya tsaya. Sai ya ce, "Ai tsamiyarka ce, Yaya, sai ka tambaye ta." Wani tsoho ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka. Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu cikin shekara biyar. Liman bai bar ta ta huce ba, ya kama hannun wannan ya kama na wancan. Da la'asar Baba ya sa babbar rigarsa ya je zauren Baffa gaisuwar Sallah, kamar yadda ƙane ke yi wa wa.

Ba zan yi ƙarya in ce daga nan suka zama abokai ba. Ba a cire danga ba, ƙofa kawai aka yanka a jikinta. Maganar wanda ya mallaki tsamiya kuwa har suka koma ga Allah kowa na kan bakansa. Amma da aka tashi auren 'yar Baffa, Inna ce ta kwana uku tana alkaki da nakiya da dubulan na gara. Da Baba ya rasu a 1998, Baffa ne ya tsaya kan wankansa, shi ya karɓi gaisuwa, shi ya riƙa zagayo mu. Sukari ba ya raba gardamar gona, wannan aikin dagaci ne da alƙali. Abin da kwanon Inna ya yi shi ne ya hana ciyawa cinye hanyar da ke tsakanin gidajen biyu, har ranar da masu gidan suka ga dama suka bi ta. An ce zumunta a ƙafa take. A gidanmu ƙafar tawa ce, nauyin kuwa na mata biyu ne da ba su ga fuskar juna ba shekara biyar.

Yau a Kano alkaki bai ɓace ba, ya ma ƙaru. Azumi na kaiwa ashirin za ka ga mata na tallarsa a WhatsApp da Instagram, da nakiya da dubulan da cincin da tuwon madara, an jera a robobi masu kyau, wasu har da sunan mai yi a manne. Sana'a ce ta mutunci, na san gidajen marayu da ita ke riƙe da su, ni ma ina saye. Abu ɗaya kawai na lura da shi: roba ba ta komawa. An kawo maka, ka ci, ka jefar ko ka zuba gishiri a ciki, magana ta ƙare. Barka da Sallah ma ta koma tura kuɗi ta waya, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira kowa ya koyi turawa dole. Saƙo ya shigo, ka rubuta "na gani, Allah ya saka," shi ke nan. Ba yaron da ya taka, ba tukwici, ba wanda ya tambayi ƙafar wani. Kyauta ta isa, amma ba ta bar bashin komawa ba, alhali wannan ɗan bashin shi ne igiyar.

Da a nan na tsaya, da na zama irin dattijan nan masu zagin zamani suna wanke kansu. Gaskiyar magana ita ce ni ma na ja tawa dangar. Baffa ya rasu, Iya ta bi shi, Inna ta rasu a 2019. Gonar Baba an raba mana mu bakwai, ta Baffa an raba wa 'ya'yansa tara, kowa ya samu abin da bai fi shimfiɗar tabarmi kaɗan ba. A 2022 babban ɗan Baffa, wanda nake kira Yaya, ya shiga matsi, ya sayar wa masu itace tsamiyar nan ba tare da ya shawarci kowa ba. Kafin labari ya iso ni an sare ta an loda a mota. Na ɗauki waya cikin fushi na aika masa da saƙon murya, na faɗi maganganun da har yau idan na tuna nake jin kunya, har na taɓo abin da iyayenmu suka binne. Ya saurara, bai ba ni amsa ba. Sallah biyar na je ƙauye ina wuce ƙofarsa. Ni ne kuma mai rubuce-rubucen nan da ke yi wa jama'a wa'azin zumunci a takarda.

Cikin azumin 2025 maiɗakina, wadda ta koyi nakiya a hannun Inna, ta yi 'yar kaɗan, don sukari da man shanu ba su sayuwa da yawa. Daren jajibere na shigo na tarar ta fito da samirar Inna daga cikin kaya, ta wanke, ta shirya curi uku da alkaki bakwai, ta ɗaure da ƙyalle. Na ce, "Wannan kuma na ina ne?" Kafin in rufe baki na ji muryar wanda na ara. Ba ta ce komai ba, ta dube ni kawai. Na buɗe baki zan ce ni ban aiki kowa ba, sai na kasa. Na ce a sa a mota.

Washegarin Sallah muka je ƙauye. Na kira ɗana, mai shekara goma sha ɗaya, na ɗora masa kwanon, na ce kada ya tsaya a zaure, ya wuce kai tsaye wurin matan gida, ya ce daga gidanmu ne, ni na aiko shi. Na zauna a ƙofar gidanmu ina duban inda tsamiya take a da, ba komai sai kututture. Ya daɗe bai fito ba. Can sai ga shi da gudu, da naira 500 a hannu, ba kwano. Na ce ina kwanon? Ya ce, "Sun ce a bar shi, za a kawo."

Yau mako uku ke nan, kwano bai dawo ba. Ba a kuma dawo mini da shi a cike ba, kuma ni na san bambancin. Tsamiyar dai babu ita, ban san abin da za su samu su sa a ciki ba, amma duk sallamar da aka yi a ƙofa sai na ji gabana ya faɗi kamar na yaro ɗan shekara goma. Allah ya jiƙan Inna da Iya, ya gafarta wa iyayenmu maza, mu kuma ya ba mu ikon aika kwano tun muna da wanda za mu aika wa.